Matar da Ta Ce Wa Unaisi Ta Dakata

Vasiti taubashiyata ce, 'yar kawuna, don haka tsakanina da ita babu kunya babu nauyi tun muna yawo tsirara a bakin teku. A duk tsibirin Kadavu babu macen da na tsokana kamar ita, babu kuma wadda ta jefe ni da ɓawon kwakwa kamar ita. Da za a tara ɓawon da ya sauka a ƙeyata daga hannunta, da an gasa aladen biki da shi har a bar wa maƙwabta saura. Ba ma kiran juna da suna. Ni Tavale, ita Tavale, yadda taubasai suke yi, sai dai nata da harara yake zuwa.

Gajeriya ce mai faɗi, in ta taho daga nesa sai ka rantse tulu ne ya yi ƙafa. Muryarta kuwa, in ta kira kajinta, na ƙauyen gaba ma sai sun zo. Amma hannunta daban ne. Kakarmu, wadda ta haifi uwata ta haifi ubanta, ita ce mai gyaran mahaifa a zamaninta. Da ta ji ƙarfinta ya ƙare sai ta tsallake 'ya'yanta duka, ta kira Vasiti tana budurwa, ta zuba mata man kwakwa a tafi, ta murza, ta ce, "Na ba ki." Ni ma ina wurin, na miƙa nawa tafin. Tsohuwa ta dube shi ta ce wannan ko kare ya shafa sai ya tashi da ɗingishi.

Tun daga ranar mata suke sallama a ƙofar ɗakin girkinta. Wadda haihuwa ta yi wa nisa, wadda mararta ke murɗawa, wadda ta haihu jikinta bai koma ba. Su zo da 'yar saiwar yangona a hannu, wadda muke dakawa mu dama mu sha a zaman girma, don girmama kakanni, ta shimfiɗa tabarma, ta kore mu maza har da zakaru, ta laluba ciki da yatsu ido a lumshe, ta ce mahaifa ta karkace hagu, ko ta zame ƙasa. Sai ta yi ta tausa tana ɗago ta kowace safiya, har ranar da za ta ce an gama. Ban san abin da yatsun nan suke ji ba, karatuna a aji shida ya tsaya, shi ma da taimakon bulala. Abin da na sani, yaran da aka sa wa sunanta sun yi yawan da in ka tsaya a ƙofar coci ka ce "Vasiti!" rabin 'yan makarantar Lahadi ne za su waiwayo. Mijinta ya tafi kamun kifi tun tana da ƙuruciya, teku ta riƙe shi da kwalekwalensa. Da gonar gwaza da kwandunan abincin da mata ke kawo mata na godiya ta raini 'yarta guda, Torika. Zawarawa sun zo, ta sa su faskaren itace, ta sallame su.

Hannun yana da doka guda, kuma ba Vasiti ta ƙirƙiro ta ba, haka ta gada. In mace ta shiga ƙarƙashinsa ba ta haɗawa da na asibiti sai an gama. Haɗawa raini ne, kamar ka roƙi dattijo ya yi maka magana a gaban sarki, ka kuma ɗauko wani ka zaunar a bayansa ko da zai kasa. Ba gaba take yi da nas ɗinmu ba, kifi ma suna aika wa juna. Kowa dai da lokacinsa, in ji ta.

Unaisi matar Peniasi ce, ƙofar gidansu na kallon ta Vasiti. Tun suna amare suke jan taru tare, a coci ma kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a sahun mawaƙa. Doguwa ce siririya, in suka jero sai ka ce taɓarya da turmi za su unguwa. Unaisi ta daɗe da daina al'ada, har ta yi jikoki, sai jini ya dawo mata kaɗan-kaɗan. Ta fara zuwa wurin ƙawarta, kamar yadda kowace mace za ta yi. Vasiti ta laluba ta ce ɗauko kwandon gwaza daga kan tudu ne ya zamar da mahaifar, suka fara tausa. Ana cikin haka Unaisi ta je awon hawan jini, magana ta kawo magana, ta ambata wa nas. Nas ta ajiye abin da ke hannunta, ta ce jinin da ya dawo bayan an daina ba abin wasa ba ne, ta hau jirgin ruwa ta tafi Suva, babban birni, a leƙa cikin mahaifar da na'ura a ga abin da ke zubar da shi. Unaisi ta dawo ta gaya wa Vasiti. Vasiti ta ce, "Ki dakata mu gama tukuna."

Jinin ya ɗauke, suka yi murna. Ya dawo, suka sake sabon farawa, tunda wancan zagayen ya lalace. Aka haƙe doya, aka yi Kirsimeti, guguwa ta zo ta kwashe rufin makaranta, jirgi ya yi ta zuwa yana komawa. Ranar da Peniasi ya ɗauki matarsa a hannu ya sa ta a kwalekwale, nauyinta bai fi na kwandon wanki ba. A Suva suka ce ciwon daji ne, ya riga ya fita daga mahaifa ya kama wurare. Suka sallamo ta ta ƙarasa a gida. Vasiti ce ta yi jinyarta har ƙarshe, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ɗiga mata ruwa a baki.

Babu wanda ya ce wa Vasiti kanzil. Da ma an ce. Ranar rabon kayan makoki, mai magana da yawun gidan Peniasi ya matso gaba ya durƙusa, ya yi ta zuba godiya ga "uwar Torika, wadda ba ta gaji ba." Aka zaro tabarma mafi kyau a cikin tarin, mai gezar ulu ja da ruwan ɗorawa, aka ajiye a gabanta, gari duka na kallo. Ta tafa hannu ta karɓa, don ba a mayar da irin wannan. Ina zaune can baya na ga ta jawo tabarmar gefe, ko kallonta ba ta yi ba.

Daga nan ta rufe ƙofa. Duk macen da ta zo da saiwa sai ta ce mata wuyan hannunta ke ciwo. Ta bar sahun mawaƙa ta koma bencin ƙarshe wurin tsofaffi masu tari. In za ta gona sai ta zagaya ta bayan coci, ta cikin ƙaya da ramukan aladu, don kada ta bi ta ƙofar Peniasi. Wata rana na tsaya a ƙofarta na ce, "Tavale, an ce gadar bakin ruwa ta karye jiya, ke kika taka?" Ta ce, "Ina kwana, Waisake." Da sunana. Na tsaya ina jiran ɓawo, ƙeyata har tana ƙaiƙayi, shiru. A ranar na san abin ya wuce makoki.

Shekaru suka ɗan ja a haka. Wata safiya ina gonar yangona ina fama da ciyawa, Torika ta hau tudu ta same ni. Baba take kirana, tunda a lissafin dangi ni ya kamata uwarta ta aura, Allah ya rufa mana asiri mu duka biyun. Uwarta kuwa Nana take ce mata, yadda ake kiran uwa a wurinmu.

"Baba Waisake, Nana tana zubar da jini."

"Wa ta sara?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba. Irin na Gwaggo Unaisi. Ni ke mata wanki, na gani, ta daɗe tana ɓoyewa. Nas ta zo har gida ta ce a kai ta Suva a leƙa. Ta ce ba inda za ta."

"To ni likita ne? Ki je wurin kawunninki."

"Su ce mata me? Ko tabarma ɗaya ba sa zama da ita, balle su ambaci mahaifarta. Fasto ya zo, ta ba shi shayi da biskit ya tafi. Kai kaɗai ne bakinka ba shi da ƙyaure."

Gaskiyarta. Ɗan'uwan mace ba ya irin wannan magana da ita ko da wuƙa a wuyansa, taubashi kaɗai aka yarje wa ya faɗi komai. Matsalar ita ce duk abin da taubashi ya faɗa wasa ne. Shekara da shekaru ina shara mata ƙarya tana dariya, yau an aiko ni da gaskiya, kuma bakin nan guda ne gare ni.

Na same ta a gindin mangwaro tana kankarar kwakwa. Ta rame, tulun nan ya koma gora.

"Tavale, na ji an ce za a sa miki talabijin a ciki. Ki taimaka ki je, ko ma ga tukunyar da ta ɓace a bikin Torika. Ni na san haɗiye ta kika yi."

Ba ta ɗago ba.

"An ce abin siriri ne, bai kai ƙaramin yatsana ba, ga fitila a bakinsa. Ba tsaga ciki, ba ɗinki. Ki shiga da safe, da rana kina kasuwa kina zagin masu kifi."

"Wa ya gaya maka?"

"Nas. Har zane ta yi mini a ƙasa da tsinke, sai da na rufe ido."

"To ka je a leƙa naka."

"Nawa an leƙa, yangona suka tarar har wuya, kyamarar ma a buge ta fito."

Gefen bakinta ya ɗan motsa, ya koma. Na ga wasa ba zai kai ni ba, sai na zauna a ƙasa na naɗe ƙafa, abin da ban taɓa yi a gabanta ba. Na ce, "Uwar Torika." Ta ajiye kwakwar ta dube ni kamar na tsiro ƙaho.

"Kar ka fara, Waisake. Bai yi maka kyau ba."

"Mutuwa za ki yi."

"Na sani."

"To?"

"To me? Unaisi ta ce mini za ta je. Nan ta zauna, inda kake zaune. Na ce ta dakata. Yanzu nawa ya zo, sai in ɗauki jaka in bi ta ƙofar Peniasi in gangara bakin ruwa, yana kallo, 'yar Unaisi tana kallo? Su ce ashe ta san hanyar jirgi?"

"Ba wanda zai ce haka."

"Ai shi ne. Ba wanda zai ce. Tabarma za su ƙara mini." Ta goge hannu a zane, ta sake gogewa. "Na laluba cikin matar nan da yatsuna ban san iyaka ba, Tavale. Na rantse na ji ta zame. Har yau in na rufe ido ina jin ta zame. To me nake ji duk shekarun nan? Ka ƙyale ni in bi hanyar da na sa ta."

Na koma gida na kasa cin abinci, matata har sai da ta taɓa goshina. Ina ta juya maganar tabarmar nan. Laifin da aka faɗa, kowa ya san yadda ake yi da shi: ka ɗauki tambua, haƙorin nan na ƙaton kifin teku, ka je ka durƙusa, a karɓa, a binne magana. Amma wanda aka lulluɓe da godiya, ta ina za a kama shi? Kashegari na zaro tambuan gidanmu daga ƙasan akwati, wanda na adana don neman auren ɗana, na koma wurinta.

"Tashi, za mu ba da haƙuri."

"Ba su ce na yi laifi ba."

"Ke kin ce. Tashi."

"Wa zai yi mini magana? Kai?"

"Kin ga wani namijin a gidan nan ban da zakara?"

"Dariya za ka sa su."

"In suka yi dariya ki jefe ni da turmi."

Ta daɗe tana kallon haƙorin a hannuna. Sannan ta shiga ɗaki ta ɗauro baƙin zane.

Da la'asar muka shiga gidan Peniasi a duƙe, muka zauna can bakin ƙofa wurin takalma. Peniasi na zaune daga sama da ƙannensa biyu. Seruwaia, autar Unaisi, tana gefe tana saƙa. Da suka gan ni da tambua, ɗaya daga cikin ƙannen ya fara murmushi yana jiran abin dariya. Ni kuwa duk jawaban da na ji dattawa suna yi tun ina yaro, masu hawa da sauka, suka gudu suka bar ni. Na riƙe igiyar haƙorin da hannu biyu na ce:

"Mun zo da kunya. Unaisi ta so zuwa Suva da wuri. Matar nan ta ce ta dakata, ta dakata. Kun gode mata a gaban jama'a, ta karɓa, tun ranar ba ta ƙara zama mutum ba. Ga shi. Ku yi yadda kuka ga dama da mu."

Shi ke nan. Jawabi mafi gajarta tun da aka kafa ƙauyen. Murmushin mutumin ya ɓace. Vasiti ta kifa goshi a ƙasa.

Peniasi mutum ne mai sanyi, ko sauro ya cije shi sai ya ba shi hanya. Ya rarrafo ya karɓi haƙorin, ya riƙe shi a ƙirji, ya ce kwana ne ya ƙare, kuma shi ma yana da ƙafa da kwalekwale, da ya so da ya ɗauke ta tun farko. Ya ce an binne magana. Ƙannensa suka tafa. A ƙa'ida an gama ke nan, sai a dama yangona a sha.

"Ba a gama ba," in ji Seruwaia.

Mace ba ta sa baki a irin wannan zama. Ubanta ya ce, "Seru." Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Uwata ta haɗa jakarta, Gwaggo. Kin san haka? Ni na goge mata rigar coci na sa mata a ciki. Jakar ta yi wata da watanni a bayan ƙofar can ba ta kwance ta ba. Duk ranar da jirgi ya busa sai ta ce, bari dai Vasiti ta gama."

Vasiti ba ta ɗago ba.

"Baba ya yafe, shi ya sani. Ni ban san ko na yafe ba. Amma na ji abin da kike yi, Torika ta gaya mini tana kuka a wurin wanki. Wato ki kwanta ki mutu da sunan uwata, gobe a ce gidanmu ne ya ci ki? Wa ya roƙe ki? Kin tambaye mu?"

"Seruwaia, 'yata..."

"Jirgi na gaba za ki hau. Kuma ni zan raka ki, ba Torika ba. Ina so in ga abin nan da idona. Ina so in ga mene ne wannan da aka kasa yi wa uwata."

Aka dama yangona. Ban taɓa shan mai ɗacinsa ba, ni da na sha wanda zai iya ɗago jirgin ruwa daga yashi.

Na bi su, wai don ɗaukar kaya. A jirgi matan nan biyu suka zauna benci ɗaya kamar an ɗaure su da igiya, ba mai ce wa 'yar'uwarta uffan, ni a tsakiya ina ta ba teku labari. A Suva muka sauka gidan wani ɗan ƙauyenmu direban bas, mata a ɗaki, ni a ƙarƙashin teburin cin abinci da ƙafafu a waje. Aka fara yi wa Vasiti hoton ciki, aka ce bangon mahaifarta ya yi kaurin da bai kamata ga mai shekarunta ba, aka sa mata ranar leƙawa.

Ranar a benci aka bar ni da jakunkuna, tsakanin mata masu ciki suna ta kallona kamar na ɓata hanya. Abin da ya faru a ɗakin daga bakinsu su biyu na ji shi, kuma tunda labarinsu ya zo ɗaya ban ƙara gishiri ba, ko da yake harshena na ƙaiƙayi.

Likitar mace ce, ba ta girmi Torika ba. Ta ce in Vasiti na so a sa ta barci. Vasiti ta ce ido biyu za ta tsaya. Aka ba ta maganin rage zafi, aka yi mata allura a bakin mahaifa, likita ta nuna mata abin: ƙarfe siriri kamar bututun shan lemo, da 'yar fitila da idon kyamara a kansa. Ta hanyar da haihuwa ke fitowa ake shigar da shi, ana tura ruwan gishiri a hankali don bangon mahaifar ya buɗe a ga wuri. Vasiti ta ce murɗa ce irin ta al'ada, wadda ta daɗe da mantawa. Aka juyo mata da allon. Seruwaia na tsaye a kanta.

"Ɗaki ne, Tavale," haka ta ce mini daga baya. Ɗan ɗaki ja-ja mai laushi kamar cikin bakin jariri, da 'yan ƙofofi biyu can ƙurya, dama da hagu. Tun tana budurwa take danna shi ta waje tana ba mata labarinsa, ba ta taɓa sanin haka yake ba. Kuma ga abin nan a manne da bango, tsiro kamar kan yatsa, yana lilo a cikin ruwa, da 'yan jijiyoyin jini a jikinsa.

Ta tambayi likita, "Ta zame?"

Likita ta ce, "Wa?"

"Mahaifar."

"A'a, Nana, tana wurinta. Wannan ne ke zubar miki da jini."

"Da hannu za a ji shi? Ta waje?"

"Ko ni ba zan ji ba. Sai an gani."

Ta cikin ƙarfen nan likita ta zura wani ɗan mitsitsin almakashi, ta yanke tsiron daga gindi, ta fito da shi. Ta ɗan kankaro bangon ta haɗa, ta ce za a kai ɗakin gwaji, don ido kaɗai ba ya raba mai lafiya da mugu. Sannan ta cire safar hannu ta ce an gama.

Vasiti ta ce, "An gama me?"

"Aikin."

"Duka?"

A nan kam ni shaida ne. Suna shiga na sayi rogo da kifi a naɗe a bakin ƙofa, ban kai ga cinyewa ba na ji kuka. Ba kukan ciwo ba ne. Muryar nan da ta yi shekaru a kulle ce ta ɓalle, har wata nas ta fito da gudu daga wani ɗakin. Da aka fito da ita tana ta cewa, "A ɗan lokacin nan ko rogo bai isa ya nuna ba. Seru, ko rogo bai isa ya nuna ba." Seruwaia na riƙe da gwiwar hannunta, fuska a bushe kamar dutse, ido a kan bango. Ta zaunar da ita kusa da ni ta fita waje. Ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo gaban rigarta a jiƙe yake, ta ce famfo ne.

Na buɗe baki in tambaya ko an ga tukunyar. Na rufe.

Sakamako ya biyo mu gida bayan 'yan makonni. Nas ta zo har ɗakin girki ta ce an sami farkon mugun ciwon a jikin tsiron, da alama bai yi nisa ba, amma sai an koma an cire mahaifar gaba ɗaya. Vasiti ta tambaye ta ko irin na Unaisi ne. Nas ta yi ta gyara wuyan rigarta, ta ce ita dai ba ta ga na Unaisi da idonta ba. Wannan karon ba a aiko ni ba, da kanta ta haɗa kaya. Aka yi aikin, likitoci suka duba abin da suka cire suka ce bai fita ko'ina ba, sai dai ta riƙa komawa ana dubawa.

Muna dawowa a kwalekwale daga inda babban jirgi ya sauke mu, na hango hayaƙi yana tashi a bayan coci. Na ce, "Tavale, ga shi can, an kashe miki alade. Saura ƙiris a rasa mai cinye shi."

Ta damƙi hannuna. "Ka hana su."

"In hana gari murnar wanda ya dawo daga asibiti? Ni wa?"

"Ka ce ba ni da lafiya. Ka ce likita ta hana. Ka iya ƙarya, yi guda mai amfani."

"An riga an tona ramin gashi an rufe naman a ciki, Tavale. Kowane gida ya kawo nasa."

"Kowane gida?"

Na kau da kai na shiga tattara jakunkuna.

Aka rataya mata furanni a wuya, aka shafa mata hoda a kumatu, aka zaunar da ita can sama kusa da fasto, inda kowa zai gan ta. Fasto ya yi addu'ar godiya mai tsawon da kifi ya huce, ƙuda suka gaji suka tafi. Peniasi na cikin maza, kai a sunkuye. Vasiti ta zauna da hannuwa a cinya, abinci jere a gabanta, gwaza da alade da ƙaguwa, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Mutane suka fara satar kallonta, don ba mai sa hannu sai ta sa.

Seruwaia ta taso daga wurin masu rabo da kwano, ta zo a duƙe ta ajiye a gabanta. Ganyen gwaza ne da madarar kwakwa, an dafa shi har ya narke, ba barkono, irin na mai jinya.

"Ki ci, Gwaggo. Mutane na jin yunwa."

"Seru, ba zai wuce ba."

"Ki tura shi. Tun safe nake tsaye a kansa."

Ba ta tashi ba, ta durƙusa a nan tana jira. Vasiti ta sa hannu ta ɗebo, ta kai baki, ta daɗe tana juya shi kafin ya wuce. Gari ya fara ci, hayaniya ta tashi. Seruwaia dai ba ta motsa ba sai da ta ga ƙasan kwanon, sannan ta ɗauke shi ta koma wurin masu rabo.